Ku Tambayi Tsohon Mushe: yara sun iya hadda, amma jita-jita na cin su

Tambaya: Baba Mushe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni malamar tarihi da labarin ƙasa ce a wata kwaleji a nan cikin garin Maraɗi, ban daɗe da riƙe alli ba. Yarana ba su da laifi wajen hadda. In na rubuta rezime a tabulo, washegari za su maido mani shi ko waƙafi bai faɗi ba. To kwanan baya wani yaro, cikin masu ƙoƙarin ajin ma, ya zo mani da labarin wani saƙon murya da aka turo wa babansa a WhatsApp. Wai wani mutum ne ke cewa Turawa suka kafa Maraɗi, kafin zuwansu nan duk daji ne. Rabin ajin suka yarda. Da na ce me ya sa, sai suka ce ai mutumin yana kawo shekaru, kuma muryarsa ta manya ce. Aji ya cika ya batse, littafi sai nawa, ga sufeto yana son a gama tsarin karatu kafin jarrabawar birebe. Yaya zan koya masu auna magana ba tare da na bar darasi a baya ba? *Wata malama, Maraɗi*

Amsa: Ɗiyata, yaron nan ya kawo maki darasi har gida, kuma kyauta. Kada ki ce masa "ƙarya ne, zauna." In kin yi haka kin ci gardamar ranar, amma abin da ajin zai ɗauka shi ne duk wanda ya fi girma a ɗaki shi ke da gaskiya. Gobe mai muryar manya zai sake turo wani saƙon, ke kuwa ba kya wurin.

Ki rubuta maganar mutumin a saman tabulo yadda ya faɗe ta, ba ƙari ba ragi. A ƙasanta ki rubuta tambaya guda: in wannan magana gaskiya ce, me bai kamata mu tarar ba? Ki yi shiru, ki bar su su sha ɗan wuya. Ba za a daɗe ba wani zai ɗaga hannu ya ce, to bai kamata a ji sunan Maraɗi ba kafin Turawa su iso. Madalla. Yaushe suka iso? Wannan yana cikin kayensu, sun haddace shi: ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa a 1899. Yanzu yara sun san abin da suke nema, kuma su suka gano shi, ba ke kika ɗora masu ba.

Daga nan ki riƙa ba su shaida ɗaya-ɗaya, kada ki zube masu duka lokaci guda. A 1836 an gwabza a Gawakuke tsakanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Ki sa su cire 1836 daga 1899 da kansu, su ga 63. Sannan ki tambaye su, wa ya adana labarin wannan yaƙi? Marubutan Sakkwato suna cikin waɗanda suka adana shi, wato abokan gabar Maraɗi na wancan zamani. Mutumin da yake yaƙi da kai ba zai ƙirƙiro maka gari da sarki don ya ɗaukaka ka ba. Shaidar da ta fito daga bakin wanda ba ya ƙaunarka tana da nauyi na daban, kuma yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana gane wannan sarai, don ya san bambancin yabon uwarsa da yabon kishiyar uwarsa.

Sai ki ƙara da baƙi. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa ya wuce ta Gazawa zuwa Katsina, abokin tafiyarsa Overweg kuwa ya rabu da shi ya nufo Maraɗi da Gobir. Bature ya zo, amma a matsayin baƙo, ya tarar da gari da sarauta. In lokaci ya ba ki dama ki koma baya kaɗan, ki tuna masu yadda Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, da yadda Ɗan Kasawa, na gidan sarautar Katsina da aka kora, ya yi ta gudun hijira har ta Damagaram kafin ya zo ya zauna Maraɗi wajejen 1819.

A nan ne ajin zai fara ihu, "ƙarya ne, maƙaryaci ne!" Kada ki bar su su tashi da wannan. Nan ne aikin ya fi daɗi. Ki tambaye su, to daga ina mutumin ya samo maganarsa? A 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya ci tsohon gari da ke ƙasa cikin fadama. Aka hau da gari kan tudu, kuma hukumar Faransa ta lokacin ce ta shata wurin, shi ya sa titunan tsakiyar gari suka miƙe sambal. Ashe mai saƙon ya riƙe wani guntun gaskiya: garin da muke takawa yau a zamanin Turawa aka shimfiɗa shi. Ya ɗauki guntun nan ya miƙar da shi har ya rufe shekara ɗari da wani abu. Yawancin abin da ke yawo a salula haka yake. Ƙarya tsagwaronta ba ta cika tafiya nesa ba, wadda aka cuɗa da gaskiya ita ke cika gari. Mai sayen hatsi da ta san kasuwa ba ta tsayawa kan tiyar da aka ɗebo mata daga bakin buhu, hannu take zurawa har ƙasa. Abin da kike son yaran su saba da shi ke nan.

Maganar ambaliyar nan kuma ita ce aikin gida mafi sauƙi da na sani, ba ya cin ko dala. Kowane yaro ya je ya tambayi tsoho ko tsohuwar da ke kusa da shi yadda aka yi gari ya hau tudu. Waɗanda ke unguwannin Bagalam, Ƴandaka, Limanci, Mokoyo da Maraɗawa sun fi sa'a, amma ko ƴan unguwar Zariya ba za su rasa wanda ya ji labari ba. Sharaɗi guda: a saman shafi ya rubuta amsar wannan tambaya, "Kaka, da idonki kika gani ko gaya maki aka yi? In gaya maki aka yi, wa ya gaya maki?" Waɗanda suka ga ruwan da wayonsu yanzu sun yi ƙaranci ƙwarai, don haka yawancin abin da zai dawo maki ji ne daga ji. Ba laifi ba ne, shi ne ma darasin. Ranar da suka kawo, ki raba tabulo: abin da kowa ya faɗa gefe guda, abin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa gefe guda, inda aka saɓa gefe guda. Za ki ga an haɗu kan ruwa da rushewar gidaje da ƙaura, an rabu kan kwana nawa aka yi, da wa ya fara ba da umarni, da gidan wa ya fara tashi. Ki lura da kyau, kusan kowane gida zai ce kakansa na cikin na farko. Ki bar yaran su gano wannan da kansu. Dariyar da za su yi ta fi bayanin awa guda.

Kada ki ɗauka wani baƙon ilimi kike shigo da shi. Da yawansu suna zuwa Islamiyya da yamma, sun san hadisi yana da isnadi, wane daga wane daga wane, sun kuma ji cewa malaman hadisi sun ƙarar da rayuwarsu wajen bin diddigin masu ruwaya: wannan mai gaskiya ne amma mai mantuwa, wancan bai ma yi zamani da wanda ya ce ya ji daga bakinsa ba. Ba ina haɗa hadisi da hirar kaka ba ne, a'a. Ina cewa tambayar "daga wa ka ji?" tsohuwa ce a garin nan, ta riga lakwal zuwa. Ki ce masu kawai, saƙon muryar nan ina isnadinsa? Za ki ga idanu sun buɗe.

In sun ɗan goge, sai ki shiga darasin jihadin 1804, wanda dole ki koyar da shi ko ta yaya. Shi kam a Maraɗi sai da lura. A benci guda za ki samu jikan waɗanda suka baro Katsina a guje, ga wanda gidansu littattafan Shehu Usmanu ake karantawa, sau da yawa ma yaro ɗaya ne ya haɗa biyun. Kada ki tambayi aji wa ke da gaskiya tsakanin ɓangarorin, wannan gardamar ta fi ƙarfin ajinki kuma za ta bi ki har gida. Ki ba su wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu Laminu na Barno, wato al-Kanemi, da shugabannin Sakkwato. Shehu Laminu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla suna ba da zakka, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne. Bello yana mayar da martani cewa Barno ta goyi bayan sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu, ga kuma al'adun da ya ce sun saɓa wa tauhidi. Ki taƙaita kowanne cikin layi huɗu ko biyar a tabulo, tunda fotokofi na neman kuɗi. Yara su nemo me kowanne yake iƙirari, me ya kawo a matsayin hujja, me ya tsallake bai amsa ba. Can ƙarshe ki gaya masu cewa wasiƙun nan a littafin Bello muke karanta su, Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812. Ki jira ki ga ko wani zai ce, "Madan, ashe ɗaya daga cikin masu gardamar ne ya kawo mana maganar ɗayan?" Ran da kika ji wannan daga bakin yaro, ki saya wa kanki tsire. Ki kuma nuna masu ɗaya fuskar: Bello ya kwafo sukar da aka yi masa ya sa a littafinsa, alhali yana iya binne ta.

Batun sufeto da lokaci ba shi da tsawo. Ba kowane darasi za ki yi wa haka ba, ɗaya a wata ya isa, sauran ki ba da rezimenki ki wuce. Abin da ya fi muhimmanci shi ne maki, don yaro inda maki yake nan yake kai hankalinsa. Cikin 20 ki ware 4 ko 5 ga tambaya guda irin wannan: ga magana, ga shaida biyu, shin tabbas ce, ko mai yiwuwa ce, ko ba ta da madogara, kuma don me? Wanda ya zaɓi daidai bai kawo dalili ba, ki ba shi kaɗan. Wanda ya kauce amma dalilinsa ya tsaya da ƙafarsa, ki ba shi fiye. Za su yi ƙorafi a karon farko, iyaye ma wataƙila su zo. Ki daure.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, ban yi lakwal mai zurfi ba. Ɗana yana lise, kuma tun da wani sabon mushe ya fara koya masu abin da yake kira bincike, yaron ya zama ɗan gardama. Ran nan mahaifiyata tana ba ƙannensa labarin Bayajida da macijin rijiyar Daura, ya ce mata wannan tatsuniya ce, tunda ba a rubuce take ba. Tsohuwa ta yi fushi, ni ma raina ya ɓaci. Wannan karatu ne ko rashin kunya? *Wani uba, Tibiri*

Amsa: Alhaji, rashin kunya ne, kuma rabin karatu ne. Ka sa shi ya je ya durƙusa ya ba Hajiya haƙuri, wannan ba sai an jira malamin tarihi ba. Amma kada ka je lakwal ka yi wa mushensa faɗa, don abin da yake koya masu daidai ne, yaron ne ya tsaya a tsakiyar hanya.

Ya koyi cewa ana iya shakkar magana, bai koyi cewa shakka ma tana neman hujja ba. Mai cewa "duk ƙarya ne" da mai cewa "duk gaskiya ne" aikinsu ɗaya, dukansu sun huta da tunani. Labarin Bayajida, gaskiya, ba wanda zai iya kawo maka shaidar ranar da aka sare kan maciji. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura har gobe, amma ganin rijiya bai tabbatar da maciji ba. Sai dai labarin yana tabbatar da wani abu dabam: cewa Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram sun ɗauki kansu ƴan gida ɗaya, kuma mutanen Daura suna riƙe da tunawa da zamanin da mata ke sarauta. Wannan tarihi ne, kuma ta bakin tsofaffi irin Hajiya ya iso mana. Ɗan Tibiri da ke zaune a inuwar fadar Gobir ya kamata ya fi kowa son sanin dalilin da Gobir ta shiga cikin bakwai ɗin.

Abin da ya fi damuna a maganarsa shi ne "tunda ba a rubuce take ba." Wa ya ce masa takarda ba ta ƙarya, ko ba ta yin shiru? Ka tuna masa da abin da ya faru a ƙasarmu a 1899. Ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone garuruwa, ya far wa Lugu ta Sarauniya Mangu, ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Masu takarda da alƙalami a tafiyar su ne masu aikata abin. Labarin ta'asarsu ya fasu a Faransa ne ta wasiƙar da wani hafsa da suka kora daga ayarin ya rubuta wa budurwarsa. Aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu, Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya masu, su biyun suka mutu a wajen Maijirgi, gabas da Tasawa. Yawancin mutanen garuruwan da aka ƙone ba su rubuta labarin ba, amma sun gaya wa ƴaƴansu, ƴaƴan suka gaya wa jikoki. Da za a bi ƙa'idar ɗanka, sai a ce su ba su da ta cewa. Shi ya sa manyan masana tarihinmu, tun daga Bubu Hama har su Djibo Hamani, suka zauna gaban tsofaffi da maroƙan fada suna ɗaukar magana, sannan su gwada ta da abin da ke rubuce.

Ga shawarata. Bayan ya ba da haƙuri, ka ba shi aiki: ya zauna da kakarsa da kaye da biro, ta ba shi labarin tun daga farko, ya tambaye ta daga wa ta ji, a wane gari, tana da shekara nawa. Ya je ya nemi wani tsohon ya ji nasa, ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Tsohuwa za ta huce, don ba abin da tsoho ke so kamar a tambaye shi.

Tambaya: Mushe, ni ɗaliba ce, bana zan yi jarrabawar bak. Duk wannan auna hujja da kake yawan faɗa, yana ba da maki kuwa, ko in tsaya kan hadda? *Wata ɗaliba, unguwar Ali Ɗan Sofo*

Amsa: Ɗiyata, yi haddarki, wanda bai san shekaru da sunaye ba ba shi da abin da zai auna. Amma in aka ɗora maki takarda aka ce ki yi sharhinta, abin da mai gyara ke nema shi ne wa ya rubuta, yaushe, a wane hali, me yake son a yarda da shi. Mai hadda kaɗai a nan yake maimaita takardar da wasu kalmomi ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Gwada hannunki da wannan. Ranar 28 ga Satumban 1958 an yi ƙuri'ar raba gardama kan zama cikin tarayya da Faransa, wadda jagoran gwamnatin Faransa De Gaulle ya kawo. Djibo Bakary, wanda ke jagorancin gwamnatin Nijar a lokacin, da jam'iyyarsa ta Sawaba sun ce a jefa "a'a". Sakamakon da aka bayyana ya ba "i" wajen kashi 78 cikin 100. Mai hadda zai rubuta cewa ƴan Nijar sun zaɓi zama da Faransa da gagarumin rinjaye, ya ajiye biro. Ke ki tambaya, kashi 78 na su wa? Na waɗanda suka jefa ƙuri'a ne, su kuwa ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Ki yi lissafin da kanki, za ki ga masu "i" ba su cika kashi 30 na masu rajista ba. Ki ƙara da cewa dab da ƙuri'ar Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, kuma hukuma ba ta ɓoye ɓangaren da take so ba.

Sai dai ki taka a hankali, kada ki zarce ki ce duk waɗanda suka zauna gida ƴan Sawaba ne. Alƙaluman ba su faɗi haka ba. Ƙarshen Satumba lokacin girbi ne, wani yana gona, wani rumfar zaɓe ta yi masa nisa, wani tsoro ya hana shi, wani bai ma ji ana yi ba. Ki rubuta abin da lambar ta tabbatar, ki rubuta abin da ta bari a buɗe, ki faɗi irin shaidar da za a nema don a rufe shi. Ki yi shafi ɗaya a kan wannan ki kai wa mushenku na tarihi ya duba maki kafin jarrabawar gwaji.